Neman shawara: mastas a fannin tsara kayan koyarwa na zamani, ya cancanci wahalar?

Malamin Bayoloji Daura:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar, musamman malamanmu na jami'a da na kwalejin ilimi. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati nan cikin Daura, shekara shida ke nan ina riƙe da alli, digirina na farko na yi shi a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, bautar ƙasa kuma na gama tuntuni.

Abin da ya kawo tambayar shi ne, tun bara na fara haɗa ma ɗalibaina 'yan bidiyoyi a waya saboda ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai ciki sai tebura da ƙura, ka tsaya kana bayanin yadda jini ke zagayawa cikin zuciya da fatar baki kawai, yara sun fi saba'in suna kallonka, wallahi abin na ci mani rai. To sai na riƙa zana zuciyar a kwali da alƙalamin maka ja da shuɗi, in jingina waya jikin littattafai in ɗauka ina bayani da Turanci ina sirkawa da Hausa, in gyara da CapCut cikin dare in an kawo wuta, da safe in tura ma monita ta Xender shi kuma ya raba ma sauran. Yaran suna so ƙwarai, har wani malami daga Sandamu ya zo ya karɓa. Amma da aka yi jarabawar ƙarshen zango sai na ga makin bai wani motsa ba, waɗanda suka saba ci su ne dai suka ci, na baya suna nan inda na bar su. Nan jikina ya yi sanyi.

Wani abokina ya ce mani ai akwai karatu sukutum a kan wannan, ana yin mastas a fasahar koyarwa da tsara kayan darasi irin su bidiyo da sauti da darasin kwamfuta. Shi ne nake tambaya, mi ake koyarwa a ciki, ina ake yi kusa da mu, kuma mai iyali zai iya haɗawa da aiki? Ina da mata da yara biyu ga mahaifiyata a hannuna, ba zan iya ajiye albashi ba. Sannan in an gama yana kawo wani aiki ne ko dai ƙarin girma kawai zai ba ni a ma'aikata? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma ƙoƙarinka albarka. Ni wannan karatun na yi a mastas kuma yanzu shi nake koyarwa a kwalejin ilimi, don haka bari in ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni.

Da farko cire tunanin cewa za a koya maka riƙe kyamara da editin. Ana taɓawa amma ba shi ne ƙashin bayan karatun ba. Abin da za ka kwana kana karantawa shi ne yadda ɗan Adam ke koyo, da yadda za ka gina darasi daga tushe har ka auna ko ya yi aiki. Akwai wani tsari da ba ɗalibin fannin nan da zai fita bai haddace shi ba, ana ce mashi ADDIE, an fito da shi a 1975 a jami'ar jihar Fulorida ta Amurka don horar da sojojinsu. Matakai biyar ne: ka fara binciken su waye masu koyon kuma ina matsalarsu take, sai ka tsara darasin a takarda, sai ka haɗa kayan, sai ka kai aji, sai ka auna. Kai abin da ka yi, ka faɗa mataki na uku kai tsaye, ka haɗa bidiyo ba ka tsaya ka gano takamaiman wurin da yaran ke ɓacewa ba. Wataƙila ba hoton zuciyar ne ya gagare su ba, wataƙila Turancin tambayar jarabawa ne, to ka ga ko bidiyo ɗari ka yi ba zai taɓa wannan ciwon ba.

Za ku karanta ayyukan masana irin su Bloom da matakan fahimtarsa na 1956, da Gagne da matakai tara na gabatar da darasi, da Sweller wanda ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar da mutum ke aiki da ita a lokaci guda 'yar ƙarama ce, in ka cika ta sai ta zubar. Wanda ya fi shafarka shi ne Richard Mayer na Kalifoniya, shi ya daɗe yana gwaji kan haɗa hoto da magana. Cikin abin da ya tabbatar, hoto da bayanin baki sun fi bayani zalla, amma in ka cika allo da rubutu kuma kana karanta wannan rubutun da baki ga hoto na motsi, ka raba hankalin yaro. Kiɗa a ƙarƙashin magana da ado marar amfani suna rage fahimta, kuma dogon darasi gara a yanka shi gunduwa-gunduwa yaro ya riƙa tsayawa. Shi ya sa zan tambaye ka, bidiyonka minti nawa ne, kuma ka sa kiɗa?

Batun wuri kuma, ABU Zariya na yin mastas a wannan fannin ƙarƙashin tsangayar ilimi, jami'ar fasaha ta Minna da ta Ilorin suna da sashe guda na fasahar ilimi, sannan NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, na yi kuma suna da cibiyar karatu a Katsina, wanda ga mai aiki da iyali irinka abin dubawa ne. Ka leƙa kuma tallar makarantar gaba da digiri ta UMYU inda ka yi digirinka da ta FUDMA, jami'ar tarayya da ke Dutsin-Ma, don kwasa-kwasan da ake buɗewa suna canzawa shekara zuwa shekara, kar ka dogara da labarin wani. Yawanci za a nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, digiri mai daraja ta biyu, takardar bautar ƙasa, wasiƙun malamai da suka san ka, da tiranskirif, wato takardar makin duk kwasa-kwasan digirinka. Wannan na ƙarshen ka fara nema tun yau, shi ke ɓata ma mutane lokaci. Simesta biyu za ku yi kuna lacca da jarabawa, sauran lokacin na bincike da rubuta kundi ne, a takarda shekara biyu ne ko ƙasa da haka, a aikace kuwa sai yadda Allah ya haɗa ka da mai duba aikinka.

Malamin Bayoloji Daura:

Malam na gode ƙwarai. Na zuciyar minti 26 ne, kuma eh akwai kiɗa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe don na ɗauka zai hana su gajiya, rubutun ma duk abin da na faɗa sai na sa shi a allo. Duk abin da ka lissafa na aikata.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Ni dai da girmamawa ga Baban Khalifa, ra'ayina daban ne, kuma ba jin labari na yi ba. Kwamfuta na karanta, ban da mastas ko ɗaya, amma shekara huɗu ke nan da wannan sana'ar nake ci da gidana, ina haɗa ma ƙungiyoyi darussan horar da ma'aikata daga ɗakina nan Katsina, wani aikin daga Abuja wani daga Kano. Ba wanda ya taɓa ce mani kawo satifiket, abin da suke cewa kullum turo mana abin da ka taɓa yi mu gani. In ka iya ɗora darasi a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ka iya sa tambayoyi cikin bidiyo da H5P, ka iya tace murya da Audacity ka ɗauki allo da OBS, waɗannan duk kyauta ne ba ko kwabo, to ka kama hanya. Manhajar haɗa darasi ta Articulate Storyline ce manyan kamfanoni suka fi nema amma kuɗinsa da dala ake biya duk shekara, sai ka samu aiki tukuna.

Abin da ke ba ni haushi, akwai abokina da ya shiga mastas ɗin nan a wata jami'a, yajin aikin 2020 ya ci mashi wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuɗin mota da na kwana ya ƙare mashi, kuma cikin laccocin har da wadda aka kwashe sati biyu ana karanta masu yadda ake amfani da tsohuwar furojekta mai leda wadda shi malamin ma ba ya da ita a ofis. Ya gama ya zo wurina ina koya mashi yanka bidiyo. To Malam in kuɗin makarantar ka haɗa ka sayi laftof mai ɗan ƙarfi da makirfo da ƙaramar sola, cikin wata shida za ka ga bambanci. Ban ce karatu ba shi da amfani ba, amma talaka sai ya auna.

Maman Ilham:

Salamu alaikum. Ƙanena na Daura, tambayarka ta taɓa ni don nima ta irin hanyarka na shigo. Malamar firamare ce ni, na samu horo lokacin shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa wanda aka yi a Katsina da Zamfara, to da korona ta zo aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 sai aka kira mu cikin masu rubuta darasin rediyo. A nan na gane cewa iya koyarwa a aji daban, iya tsara darasi ga yaron da ba ka gani daban.

Darasina na farko na rubuta shi kamar ina gaban allo, na yi ta zuba. Wata babbar malama da ke duba mana ta ce kafin a kai situdiyo ki je ki gwada a kan yara. Na tara yaran maƙwabta su bakwai a zauren gidanmu, na kunna masu rikodin ɗin a waya na koma gefe na yi shiru ina kallo. Ba a yi minti huɗu ba ƙaramar cikinsu ta fara wasa da igiyar zanenta, da muryata ta ce wane harafi ne farkon kalmar ƙwai, kafin yaran su buɗe baki har na ba da amsa na wuce. Ban bar masu wurin magana ba sam. Muka koma muka gyara, bayan kowace tambaya sai a rubuta shiru a cikin takardar, mai karantawa ta ƙirga biyar a zuci kafin ta ce madalla, ƙa ne. Da na sake kunna masu sai ga yara suna ihun amsa ma waya kamar mutum ne a gabansu, har ita mai igiyar zanen. Wannan shirun na daƙiƙa biyar shi ne darasin da ya fi kowane zama a kaina, kuma da na shiga mastas daga baya na tarar da shi cikin littafi da sunansa da dalilinsa.

Don haka ni ina ganin ku biyun duk kuna da gaskiya, sai dai Ɗan Ƙofar Marusa masu aikinka manya ne da ke ofis da intanet, shi kuwa wannan bawan Allah yaran Daura da Zango da Mai'adua yake tunani. Yaranmu wayar ba tasu ba ce, ta baba ce, baba ya fita da ita kasuwa tun safe sai bayan isha'i, in ya dawo kuma caji ya kusa ƙarewa. 'Ya mace ta fi shan wahalar samu. Data tsada. Kuma kar mu manta a 2021 an rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, wata da watanni ba sabis, duk wanda ya gina darasinsa kan intanet kawai a wuraren nan ya tashi a tutar babu. Abin da ya yi aiki shi ne rediyo da memori da turawa waya zuwa waya. Ko manhajar Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da UNICEF a 2022, mai darussa har da na Hausa, abu ne mai kyau amma sai an samu malamin da ya san yadda zai kai ta ga yaron da ba ya da waya. Akwai manhajoji irin su Kolibri da aka yi musamman don aiki ba intanet, ka ɗora a laftof ɗaya sauran na'urori su jawo daga gare ta, ka bincika.

Wani ƙaramin abu da ba a faɗa a lacca: haruffanmu masu lanƙwasa. Mun taɓa buga katin karatu guda ɗari biyu, da aka kawo daga wurin bugawa duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito, saboda salon rubutun da mai bugawa ya zaɓa bai san su ba. Da biro muka zauna muka cike su ɗaya bayan ɗaya har dare. Tun daga nan salon rubutu mai suna Andika nake amfani da shi, an yi shi ne don masu koyon karatu kuma yana ɗauke da haruffanmu duka, ko a bidiyo ka duba wannan kafin ka fitar.

Batun iyali, da goyo na yi nawa, na karatu daga nesa, Asabar da Lahadi da bayan yara sun yi barci. Akwai wuya ba zan ɓoye maka ba, amma ka zauna da maiɗakinka ku yi magana tun kafin ka sayi fom don rabin nauyin a kanta zai sauka.

Abban Zango:

Don Allah in ɗan raɓa da tawa tambayar, ni HND gare ni a aikin jarida daga foliteknik, ina aikin ɗaukar hoto da haɗa bidiyon biki da na makarantu masu zaman kansu, za a ɗauke ni wannan mastas ɗin kai tsaye ko sai na bi ta wani wuri? Kuma an ce TETFund, asusun tallafa ma manyan makarantu, na biyan kuɗin, gaskiya ne?

Baban Khalifa:

Abban Zango, kai tsaye da wuya, tunda mastas ne na ilimi sai ka fara yin PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, jami'o'i na yi, NTI ta Kaduna, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, ma na yi a cibiyoyinta, sannan ka tambayi jami'ar da kake so ko tana karɓar HND da PGDE don ba duka ke karɓa ba. TETFund kuwa malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi, ta hannun makarantar da mutum ke aiki. Malamin sakandare ko mai sana'ar kansa ba ya ciki. Shi Malamin Daura abin da zai nema shi ne izinin ƙaro karatu daga ma'aikata a rubuce, kar ya tafi da izinin baki, in ba haka ba ya dawo da takarda a ƙi lissafa mashi ita wajen ƙarin girma.

Ɗan Ƙofar Marusa, maganarka akwai gaskiya mai ɗaci a ciki kuma mu malaman ya kamata mu ji ta. Akwai tsofaffin handawut da ya kamata a ce an yi ritayarsu. Misali ɗaya da ke ci mani tuwo a ƙwarya, wani zane mai siffar dala, faɗi a ƙasa tsini a sama, na masani Edgar Dale da ake zana ma ɗalibai ana cewa mutum na tuna kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, har zuwa kashi 90 na abin da ya aikata. Dale ya fitar da dalarsa a 1946 kuma ba lamba ko ɗaya a jikinta, wasu ne suka liƙa daga baya, amma har gobe ana kawo ta a jarabawa. Sai dai ka lura, mutumin da bai yi karatun ba ta ina zai san ƙarya ce? Kai kana da hannu, Allah ya ƙara buɗi, amma shi wannan ƙanen namu hannun yana da shi daidai gwargwado, abin da ya rasa shi ne sanin dalilin da ya sa minti 26 ɗinsa bai motsa maki ba, kuma YouTube ba ta cika koyar da wannan ba. Aikin koyarwa a kwaleji ko jami'a, da manyan kujerun tsara manhaja a ma'aikata ko a shirye-shirye irin AGILE, shirin ilimin 'yan mata na Bankin Duniya, da ake yi a jihar nan, nan kuma takarda na magana. Ni shawarata ya haɗa biyun, ya yi karatun kuma ya zo wurinka ya koyi kayan aikin.

Sai gargaɗi kan kundi, don nan ake kashe fannin. Ɗalibai da yawa take ɗaya suke juyawa: tasirin darasin kwamfuta kan ƙoƙarin ɗalibai a darasi kaza a ƙaramar hukuma kaza, a raba aji biyu, a yi gwajin farko da na ƙarshe, a ce masu kwamfuta sun fi, a ɗaure kundi a jefa a kabad, darasin da aka haɗa kuma ko yaro ɗaya ba zai sake ganinsa ba bayan difens, wato kare kundin a gaban malamai. Kai kana da tambaya ta gaske a hannunka. Bayanin bayoloji da Hausa zalla, ko da Turanci zalla, ko a sirka, wanne ya fi taimakon yaron da zai rubuta WAEC da Turanci? Gajeren bidiyo ta memori ko sauti kawai da takarda mai zane? Wannan amsar malaman Daura duka suna buƙatarta. Kafin ma ka sayi fom, yanka wancan bidiyon gida huɗu, cire kiɗan, bar sunayen sassan zuciya kawai a allo, sa tambaya ɗaya a ƙarshen kowane yanki. Ba su tambayoyi goma kafin su kalla, ka sake ba su makamantansu bayan sati ɗaya, ka zo mana da abin da ka gani.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na karɓa Malam. In ya shigo Katsina ya neme ni, ranar Asabar bayan la'asar ina da sarari, zan nuna mashi Audacity da H5P ba sai ya biya komai ba, ya zo da wayarsa da memori kawai.

Malamin Bayoloji Daura:

Jama'a ku gafarce ni na kwana biyu ban leƙo ba, aikin da Malam ya ba ni na tsaya yi. Na yanka bidiyon gida huɗu, kowanne bai wuce minti bakwai ba, ba kiɗa, na sake ɗaukar muryar da asuba kafin gari ya fara hayaniya, na kuma bar shirun da Anti Maman Ilham ta faɗa bayan kowace tambaya. Na gwada da aji ɗaya na SS2. Makin ya ɗaga, ba wai sosai can ba amma ya ɗaga, musamman tambayar hanyar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ya dawo, wadda a da kusan kowa ke faɗuwa.

Amma abin da ya fi tsaya mani, da na tambaya wa ya kalli duka huɗun, cikin 'yan mata 31 tara ne kawai suka ɗaga hannu, sauran wata ta ce yayanta ya hana ta wayar, wata ta ce tasu ƙarama ce mai tocila ba ta buɗe bidiyo sai sauti. Shekara guda ina raba bidiyo ban taɓa yin wannan tambayar ba. Yanzu ina so in fitar da na sauti zalla wanda ƙaramar waya za ta ɗauka, in haɗa da zanen zuciya a takarda ɗaya mai lambobi da za su riƙa bi da yatsa suna saurare.

Ranar Litinin zan shiga Katsina in cike takardar neman tiranskirif, in biya cibiyar NOUN in ji tsarinsu da kuɗinsu, in kuma kwatanta da na Zariya kafin mu yanke shawara da maiɗakina. Yaya na Ƙofar Marusa, Asabar mai zuwa in sha Allah ina tafe. Anti, don Allah in akwai tsohuwar takardar darasin rediyo ɗaya a wurinki ki ɗauko mani hotonta, ina so in ga yadda kuke rubuta wurin shirun da wurin da mai magana ke cewa yaro ya ɗora yatsa a kan lamba kaza.